Wa Ya Ƙarar da Lamfiri: Masunta Ko Madatsun Ruwa?

A Amurka akwai wani kifi da hukuma ke kashe wa kuɗi ta fuska biyu masu karo da juna. A gabas, wajen manyan tafkunan nan biyar da ke yankin iyakarta da Kanada, duk shekara ana kashe miliyoyin daloli wajen zuba masa guba a rafuka. A yamma kuwa, a Kogin Kolumbiya da rassansa, miliyoyin ake kashewa wajen gina masa hanyar wucewa, har ma a ɗauko shi a tankin mota a tsallakar da shi madatsun ruwa. Turawan Ingila na kiransa lamprey, mu ce lamfiri. Na gabas baƙo ne da ya shigo daga Tekun Atlantika ya yi ɓarna. Na yamma ɗan gida ne na Tekun Fasifik, wanda ƙabilun asalin yankin suka daɗe suna ci tun kafin Bature ya taka ƙasar, shi ne kuma yake neman ɓacewa.

Duk inda aka ce wani kifi na ƙarewa, masunci ake fara nuna wa yatsa, kuma sau da yawa da gaskiyar masu nunawa. To amma labarin lamfiri ya nuna cewa hukuncin gaggawa irin wannan yana iya sa a bar jaki a koma dukan taiki. Kafin a ce a hana kamu ko a bari, sai an san yadda kifin yake rayuwa, da inda yake mutuwa.

Halitta mai tsohon asali

Babu lamfiri a kogunan Afirka ta Yamma, domin ya fi son ruwa mai sanyi. Dogo ne siriri, mai santsin jiki, na Fasifik yakan kai santimita 60 zuwa 70. Ba shi da ɓawo, ba shi da ƙashi sai guringuntsi, ba shi kuma da muƙamuƙi. Hancinsa ƙwaya ɗaya ne a tsakar ka, ramukan numfashinsa bakwai a kowane gefe. Bakinsa zagayayye ne mai haƙora a ciki, yana manna shi a jikin abu ya zuƙa ya kama tsam, yadda ƙahon wanzami ke kama bayan mutum. Da wannan baki yake cin abinci, da shi yake hawa dutse, da shi kuma yake ɗauke tsakuwa in zai yi gurbin ƙwai.

Danginsa sun riga dabbobi da yawa zuwa duniya. A Afirka ta Kudu an tono burbushin wani lamfiri da masana suka ƙiyasta shekarunsa miliyan 360, aka bayyana shi a 2006, kuma siffarsa ba ta yi nisa da na yau ba. A yanzu akwai iri kusan 40 a duniya, waɗanda ke shan jinin wasu kifaye a cikinsu ba su kai rabi ba.

Rayuwar na Fasifik hawa uku ce. Idan ƙwai ya ƙyanƙyashe, abin da ke fitowa ya fi kama da tsutsa: ba ido, ba haƙori. Sai ya nutse cikin lakar gefen rafi ya yi shekara 3 zuwa 7 a wurin, yana tace ƙananan abubuwan da ruwa ya kawo yana ci. Daga nan sai jikinsa ya sauya, ido ya fito, haƙora su fito, ya bi ambaliya ya gangara teku. A teku yake yin wasu 'yan shekaru yana manne wa manyan kifaye yana shan jini da ruwan jikinsu. Idan ya ƙoshi sai ya juyo kogi, daga ranar kuma ya daina cin komai. Da kitsen jikinsa zai yi tafiyar ɗaruruwan kilomita, ya laɓe ƙarƙashin duwatsu ya wuce hunturu, in yanayi ya yi ɗumi mace ta zuba ƙwai dubbai masu yawa, sannan ita da namijin su mutu.

Akwai wani abu guda a ɗabi'arsa da duk maganar ceto ta rataya a kai. Kifin salmon yana komawa ainihin rafin da aka haife shi. Lamfiri ba ruwansa da mahaifa. Abin da yake bi shi ne ƙanshin wani sinadari da 'ya'yan da ke cikin laka ke saki a ruwa. Rafin da yake da 'ya'ya yana kiran manya, wanda ya rasa su kuwa manya na iya wuce shi, ko da ruwansa garau yake.

Inda ake kamu da hannu

A garin Oregon City, kudu kaɗan da Portland, Kogin Willamette yana zubowa daga wani dutse mai tsayin kusan mita 12. A watannin Yuni da Yuli, lokacin da ruwa ya ja baya, nan masunta daga ƙabilun Yakama, Umatilla, Warm Springs, Nez Perce, Grand Ronde da Siletz suke zuwa. Ba taru, ba ƙugiya mai tsutsa. Lamfiri yana hawa dutsen ne a tsaye: ya manna baki, ya lanƙwashe jiki, ya yi wuf ya matsa sama ya sake mannawa. Masuncin yana shiga ruwa har ƙugu ko ƙirji, dutse na santsi a ƙarƙashin ƙafarsa, feshin ruwa na dukan fuskarsa. Yana sanye da safar hannu ta auduga don kada kifin ya suɓuce, ya zura hannu cikin tsagar dutse ko bayan labulen ruwa, ya fizgo, ya jefa a buhun da ɗan'uwansa ya riƙe. Daga nan a sa wa buhunan ƙanƙara a yi tafiyar sa'o'i zuwa gida, inda tsofaffi ke jira.

Ana gasa shi, ana kyafe shi, ana shanya shi ya bushe. Kifi ne mai maiƙo ƙwarai, ƙarfin da yake ba jiki ya ninka na salmon in aka auna nauyi da nauyi. Ana shafa mansa a gashi, ana ɗiga shi a kunne mai ciwo, busasshiyar jelarsa kuma a ba jariri mai haƙori ya riƙa tsotsa. Yana cikin abincin da ake jerawa a bukukuwan godiya da zaman makoki. Har tatsuniya suke da ita a kansa, cewa caca ya yi aka cinye shi kaf, har ƙashinsa da ɓawonsa.

Abin lura shi ne da yawa daga waɗannan mutane ba Willamette ce garinsu ba. A da kowa a kogin ƙofar gidansa yake kamawa, ko a magangarar Celilo da ke kan Kolumbiya, wadda ruwan madatsar The Dalles ya shanye a 1957. Yarjejeniyoyin da ƙabilu huɗu suka ƙulla da gwamnatin Amurka a 1855 sun ba su haƙƙin su a wuraren da suka saba. Haƙƙin yana nan a takarda, kifin ne babu. Willamette ta zama ɗaya daga 'yan wuraren da suka rage.

Lissafin madatsun ruwa

An kammala madatsar Bonneville a kan Kolumbiya a 1938, ita ce ta farko da kifi ke tararwa in ya taso daga teku. Tun daga lokacin ake ƙirga abin da ke wucewa. A shekarun 1960 ƙirgar lamfiri da ake yi da rana ta taɓa haura 300,000 a shekara guda. A 2010 ba ta kai 7,000 ba. A can sama, a madatsar Lower Granite da ke kan Kogin Snake, ƙofar shiga jihar Idaho, waɗanda aka ƙirga a 2009 ba su kai 20 ba.

Ba wai ba a yi wa kifi hanya a madatsun ba. An yi matakalar kifi, sai dai salmon aka auna aka gina ta: ruwa mai gudu da ƙarfi, matakai masu kaifin kusurwa, ƙasan wasu wurare kuma ragar ƙarfe. Salmon yana da ƙarfin iyo da tsalle. Lamfiri kuwa da baki yake tafiya in ruwa ya yi ƙarfi. Idan ya zo kusurwa mai kaifi, ba inda zai manna bakin, sai ruwa ya kwashe shi ya mayar baya. Binciken da aka yi ta hanyar saka wa kifayen na'urar bibiya ya nuna kusan rabi ne kawai ke iya haye Bonneville. Tsakanin teku da Idaho kuwa madatsu takwas ne, huɗu a Kolumbiya, huɗu a Snake. In aka ɗauka rabi ke wuce kowace ɗaya, cikin 1,000 da suka taso, huɗu ne kacal za su ƙarasa. Madatsu irin su Grand Coulee ma ba su da matakala sam.

Wannan duk na manya ne masu hawa. 'Ya'yan da ke cikin laka nasu ya fi muni, domin shekarun da suke yi a wuri guda suna da yawa. Idan aka rage ruwan madatsa ba zato, lakar ta bushe da su. Idan aka yashe kogi don jiragen ruwa, a kwashe su da yashi. Magudanan ban ruwa na janye su zuwa gonaki, domin ragar da aka sa a bakin magudanan ta 'ya'yan salmon ce, su suna zurarewa. Masu gangarowa teku kuma wasu na maƙalewa a ragar da ke tare injinan lantarki. Gurɓatar ruwa ta ƙara nata: a 2022 hukumar lafiya ta jihar Oregon ta shawarci mutane su taƙaita cin lamfiri saboda gubar masana'antu da ke taruwa a kitsensa. Teku ma yana da hannu, domin shekarar da kifayen da yake manne wa suka yi ƙaranci, masu dawowa kan ragu.

Ba za a wanke kamu gaba ɗaya ba. A shekarun 1940 'yan kasuwa sun kwashi ɗaruruwan tan a Willamette, ana tatsar mai ana yin abincin dabbobi da sauran. Amma wannan kwasar kamfani ce, ba ta da alaƙa da buhun da ake kai wa tsofaffi.

Baƙin jinin da ya gada

Me ya sa aka yi shekaru ana kallo? Amsar tana gabas. Magangarar Niagara ce ta daɗe tana tare lamfirin Atlantika daga shiga tafkunan sama, har aka haƙa mashigin Welland don jiragen ruwa. An ga shi a Tafkin Erie a 1921, kafin 1940 ya kai Tafkin Superior. Kifayen wurin ba su saba da shi ba, guda ɗaya yana iya kashe kifi mai nauyin kilo 18 a rayuwarsa. Sana'ar su ta durƙushe. Amurka da Kanada suka kafa hukumar haɗin gwiwa a 1955, masana suka gwada dubban sinadarai har suka samu wanda ake kira TFM, mai kashe 'ya'yan lamfiri a cikin laka. Da shi aka rage yawansu da kusan kashi 90 cikin 100.

Wannan yaƙi yana da hujjarsa, amma ya shafa wa na yamma kashin kaji. Jama'a suka ɗauki duk wani lamfiri a matsayin annoba. A 1967 da 1974 an zuba guba a Kogin Umatilla don kawar da kifayen da hukuma ke ganin ba su da amfani, lamfiri na ciki. Daga 1970 har tsakiyar shekarun 1990 ma daina ƙirga shi aka yi a Bonneville. A 2003 ƙungiyoyin kare muhalli suka nemi a sa shi cikin jerin halittun da doka ke karewa, hukumar kifi da namun daji ta ƙasa ta ƙi a 2004, tana cewa bayanan da aka kawo ba su wadatar ba. Wato an ƙi ƙirgawa, sannan aka ce babu lissafi.

Alhali a gidansa lamfiri garkuwa ne ga salmon ɗin da ake ji da shi. Ya fi maiƙo, ya fi sauƙin kamu, don haka tsuntsaye da dabbobin teku masu farautar kifi sukan ƙoshi da shi su ƙyale salmon. 'Ya'yansa na tace ruwa, gawarsa kuma taki ce ga rafukan kan tudu.

Maciyansa ne suka tashi

Waɗanda suka fara ƙorafi tsofaffin ƙabilu ne, domin su ne suka ga kwanonsu ya koma wayam. Ƙabilar Umatilla ta fara aiki a 2000: a kama manya a madatsun ƙasa, a ajiye su a tankuna su wuce hunturu, a kai su rafukan sama a sake su su yi ƙwai. Nez Perce da Yakama suka bi sahu. Dabarar tana kan ɗabi'ar nan ta bin ƙanshi: a dasa 'ya'ya a laka, su kuma su kira na teku. Kogin Umatilla da a da ake ƙirga masu dawowarsa da yatsu, a 2018 sun haura 2,000. Gwajin ƙwayoyin halitta ya kuma tabbatar da cewa 'ya'yan waɗanda aka kai da mota suna zuwa teku su dawo.

Matsin lambar ƙabilun, ta hannun hukumarsu ta haɗin gwiwa da suka kafa a 1977, ya sa a wata yarjejeniya ta 2008 rundunar injiniyoyin sojan Amurka, mai kula da madatsun, ta ware dala miliyan 50 na shekara goma don hanyar lamfiri. Aikin kansa ba wani abin mamaki ba ne: kwararo na alminiyom mai gangare, ruwa kaɗan na bi ta kansa, da akwatunan hutawa a tsakani. Kifin ya manna baki ya hau abinsa. Aka goge kusurwoyi suka zama masu lanƙwasa, aka rufe ragar ƙasa da faranti, aka rage gudun ruwa a bakin matakala da dare, lokacin da ya fi tafiya. A 2023 ƙirgar rana a Bonneville ta haura 60,000. An samu ci gaba, amma har yanzu da sauran tafiya kafin a kamo adadin shekarun 1960.

Masu suka na cewa jigila da mota sandar gurgu ce, ranar da kuɗi suka yanke aikin ya tsaya. Gaskiya ne, ƙabilun ma ba su ce magani ba ne. Maganin da ya fi kowanne shi ne buɗe kogi. An rushe madatsu biyu na Kogin Elwha tsakanin 2011 da 2014, lamfiri ya koma da kansa. An kammala rushe huɗu na Kogin Klamath a 2024. Sai dai na Snake suna ba da lantarki, suna ba manoma ruwa, jiragen dakon alkama kuma na bi har garin Lewiston da ke Idaho, shi ya sa rigimarsu ta ƙi ci ta ƙi cinyewa.

Darasin Turai

A Turai lamfiri abincin manya ne. Marubutan tarihin Ingila sun ce yawan cinsa ne ya yi ajalin Sarki Henry na Ɗaya a 1135. Birnin Gloucester yana da al'adar aika wa mai sarauta gashin lamfiri cikin fulawa, amma a 2012 sai daga tafkunan Amurka aka kawo kifin, saboda na Kogin Severn ya yi ƙaranci. A Fotugal da arewa maso yammacin Sifen ana kama shi daga Janairu zuwa Afrilu, a dafa da shinkafa, a Kogin Minho kuma har yau akwai tsofaffin shingayen dutse da ake kafa masa tarko a cikinsu. A Latbiya, a Kogin Salaca, shingen katako ake gittawa.

A nan kamu na kasuwa ne, kuma yadda kifin ke ƙaranci haka kuɗinsa ke tashi, tashin kuɗin kuma ya ƙara wa masunta ƙaimi. A kudu maso yammacin Faransa an samu ƙarin abokin gaba, wata ƙatuwar tarwaɗa da aka shigo da ita daga gabashin Turai. Wani bincike da aka wallafa a 2020 ya gano ta cinye kusan kashi 80 cikin 100 na lamfirin da aka sa wa alama a kogunan Garonne da Dordogne cikin wata guda. Bayan ƙarar da masu kare muhalli suka kai kotu, an hana kamun lamfiri a yankin Gironde a 2023. Masunta suka ce an yanke musu abinci an bar tarwaɗa da madatsu. Masu ƙara suka ce kifin da ke zuwa yin ƙwai sau ɗaya tak a rayuwarsa, duk wanda aka kama an kama shi da zuriyarsa. Kowane ɓangare yana da gaskiya a bakinsa. Fotugal ta gwada haɗa biyun a Kogin Mondego: ta gina hanyar kifi a madatsar Coimbra a 2011, ta kuma taƙaita ranakun kamu, aka ga 'ya'ya sun ƙaru a saman kogin.

A hana ko a bari?

Amsar ta danganta da irin kamun da kuma halin da kogin ke ciki. Inda kifin ya kusa ƙarewa, kasuwa kuma na biyan kowane farashi, dakatar da kamu ya zama dole, a kuma tallafa wa masuntan da aka dakatar. Amma hani shi ne mataki mafi arha ga hukuma: takarda ce a sa hannu, nauyin kuma ya faɗa kan wanda ba shi da baki. Gyaran madatsa, sauya ragar magudanai, tsara yadda ake rage ruwa, waɗannan su ke cin kuɗi, su ke taɓa masu ƙarfi. Hanin da bai zo tare da su ba jinkirta mutuwa kawai yake yi.

Akwai kuma asarar da ba a cika sa ta a lissafi ba. A Kolumbiya, lokacin da hukumomi suka daina ko ƙirga lamfiri, masu cinsa ne kaɗai suka lura ya tafi, su ne suka riƙa kai kuka, su ne kuma suka fara ɗaukarsa a mota. Da an raba su da kifin tun farko da sunan kare shi, da yaran da suka taso ba su san ɗanɗanonsa ba, ba kuma za su tsaya gaban injiniyoyi su nemi a goge kusurwar matakala saboda shi ba. Don haka duk tsarin ceto da ake son ya ɗore sai ya tanadi abu uku tare: ƙirga ta gaskiya kowace shekara, kaso ƙayyadadde ga masu ci wanda ke hawa da sauka bisa ƙirgar, da wa'adi a rubuce na buɗe hanyar kogi, wanda za a tuhumi masu madatsu a kansa kamar yadda ake tuhumar masunci a kan buhunsa.